Lambun tsakar gida da ruwan saye: riba ce ko wahala?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema, kuma don Allah a gaya mini gaskiya ko da ba za ta yi mini daɗi ba. A gidan haya nake a Ɗorayi, nan Kano, mu takwas ne har da yara. Tsakar gidan duk siminti ne, sai wani ɗan lungu a bayan kicin da bai fi taku huɗu ba. A watan Maris da ya wuce na sayi irin tumatir, na cika buhu goma sha biyu da ƙasa, na dasa. Ya tashi kore shar, ya yi fure, sai furen ya riƙa kakkaɓewa. Ɗan abin da ya ƙulla kuma tsutsa ta huda shi. Wata biyu cur ina sayen jarka guda a wajen 'yan garuwa kullum saboda shi kaɗai, amma ko kwano ɗaya ban tsinka ba. Yanzu damina ta ɗauke, raina yana so in sake gwadawa. Abban Ilham ya ce kuɗin ruwan da na zubar da sun saya mana kayan miya na wata guda, ni kuwa na rasa amsar da zan ba shi. Wanda yake sayen ruwa, anya lambun gida nasa ne?

Abu Sadik:
Wa alaikumus salam. Maman Ilham, ki yi haƙuri, ni dai bayan maigidanki nake. Shago nake riƙewa, aikina ke nan lissafin shiga da fita. Manomin Kadawa da na Kura ruwan madatsar Tiga ne yake bin kwata har bakin gonarsa. Ke kuwa jarka kike saye. Ta ina za ki kamo shi? A watan Janairu da Fabrairu, lokacin da tumatir yake yi da kyau, a lokacin ne kuma yake cika kasuwa har a rasa mai saye, ana shanya shi a bakin titi. Idan ya yi tsada, daga Mayu zuwa Yuli, a sannan ne ba ya yi ko a hannun gwanaye. To ina ribar?

Abin da yake sosa mini rai shi ne hotunan da ake yaɗawa a Facebook, buhu cike da tumatir ja jawur, a ce kowa ya yi a gidansa. Ba mai faɗin jarka nawa ya sha. Talaka ya gani ya zuba ɗan abin hannunsa, ya tashi a tutar babu.

Hajiyar Tudun Wada:
Abu Sadik, rabin maganarka gaskiya ce, ɗaya rabin kuma zan ja da kai.

'Yata, shekara ashirin da wani abu ke nan ina shuka a cikin gidana a Zariya, kuma ban taɓa sayen ruwa don shuka ba, ko da moɗa ɗaya. Kuskurenki biyu ne. Kin fara da abin da ya fi komai shagwaɓa, sannan kin shayar da shi da ruwan da kika biya kuɗi.

Ki duba ruwan da ke fita ta rariyar gidanki daga asuba zuwa isha'i. Mutum takwas suna alwala sau biyar. Ruwan wanke shinkafa, ruwan wanke wake, ruwan da aka wanke kayan miya, ragowar ruwan randa da ake zubarwa idan za a wanke ta. Wannan duk kin riga kin biya kuɗinsa, yana bin kwata yana taruwa a ƙofar gidan maƙwabci, har ya zama abin faɗa. Ni babban baho na ajiye a wurin alwala, kowa a kansa yake yi, har mai gidan, Allah Ya jiƙansa, a kansa yake yi lokacin yana raye. Da la'asar in kwashe in zuba wa shuka.

Sannan ki manta da tumatir tukuna. Ki shuka ganye: alayyafo, rama, yakuwa, lalo, ɗoɗɗoya, na'a-na'a. Ki kafa zogale ko da biyu ne. Ganye shi ne abin da muke saye kullum da ɗan canji har ba ma jin fitar kuɗin, kuma shi ne yake yaushi kafin a iso da shi gida daga kasuwa. Alayyafo mako uku zuwa huɗu ya isa yanka, idan kika yanke sama kika bar gindin zai sake tofowa. A nan ribar take, ɗana Abu Sadik, ba a kwandon tumatir ba.

Abu Sadik:
Na ji, Hajiya, Allah Ya ƙara girma. Amma ruwan alwala nawa ne? Ai bai taka kara ya karya ba.

Baba Malamin Gona:
Bari mu auna shi, tunda kai mutumin lissafi ne. Na yi aikin malamin gona har na yi ritaya, wannan tambayar na sha amsa ta.

A ce kowa lita ɗaya yake kashewa a alwala, wanda bai kai cikin buta ba. Mutum takwas sau biyar, lita 40 ke nan. Cire rabi saboda maigida da samari suna yin wata a masallaci, wani kuma ya fantsale a ƙasa. Saura lita 20, kusan jarka guda, wato daidai abin da Maman Ilham take saye. A tsakiyar bazara, fili mai faɗin mita ɗaya da tsawon mita ɗaya yana shan lita 6 zuwa 8 a rana a ƙasarmu. Buhu ɗaya kuwa lita ɗaya da rabi zuwa biyu ya ishe shi. Ka ga lita 20 ta riƙe buhu goma a lokacin da ya fi kowane tsanani. Da sanyi za ta riƙe fiye da haka.

Game da tumatirinki, 'yata, ba hannunki ne ba shi da albarka ba, lokaci ne kika saɓa. Furen tumatir ba ya ƙulla ɗa idan zafin rana ya haura maki 35 kuma dare bai yi sanyi ba. A Kano, Afrilu yana kai maki 40. Shi ya sa manoman rani suke yin reno a Satumba da Oktoba, su dasa a Oktoba da Nuwamba, furen ya fito a cikin hunturu. Tsutsar da ta huda miki, idan kin ga farin zane a cikin ganyen kamar an bi shi da allura, to sharon ce, wadda masana ke kira Tuta absoluta. Daga Kudancin Amurka ta fito, ita ce ta cinye gonakin Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa a 2016, har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir. Da zafi take yin ƙarfi. Wato kin dasa a watan da fure ba ya zama, kuma a watan da ƙwaro yake ganiyarsa.

Maman Ilham:
Wallahi Baba haka ganyen ya yi, zane-zane fari kamar taswira. Ashe ba sammu ba ne, don har wata maƙwabciyata ta ce baki ne ya kama shi.

Ummu Hani:
Ni ma'aikaciyar jinya ce, ina so in sa baki a kan ruwan nan kafin a yi nisa. Ba kowane ruwan da aka yi amfani da shi ne ya dace da abin da za a ci ba. Ruwan wankin kunzugun yara, ruwan bayan gida, ruwan wanke nama ko kaza, kada a kusantar da su ga shuka. Typhoid da gudawa da tsutsar ciki ta nan suke bi. Ruwan alwala ma akwai kurkurar baki da fyace hanci a ciki, don haka a zuba shi a gindin shuka, kada a watsa a kan ganye. Abin da ake ci ɗanye, irin su latas da lansir, ni dai ruwan wanke shinkafa ko ruwa mai tsabta zan ba su. Kuma kada ruwan ya kwana biyu a baho, a yi amfani da shi a ranar. Idan ya daɗe yana wari, ga sauro. Daga ƙwai zuwa sauro mai tashi kwana bakwai zuwa goma ne kawai. Ba na so a ce garin neman ganye an kwantar da yaro da zazzaɓin cizon sauro.

Auwal Ɗalibi:
Anti, to ruwan wanki fa? Shi ne ya fi yawa a gidanmu.

Baba Malamin Gona:
Ruwan omo na farko kada ka zuba. Akwai gishiri a cikinsa, yana taruwa a ƙasar buhu, sai ka ga farin ɓawo a sama, bakin ganye yana ƙonewa, ƙasar ta daskare ruwa ba ya ratsa ta. Wanda aka sa wa bilic kuwa kashe shuka yake yi. Ruwan ɗauraya na ƙarshe za ka iya ba babban itace da ke cikin ƙasa, kamar darbejiya ko mangwaro, su suna jurewa, damina kuma ta wanke. Buhu ba shi da inda zai kai gishirin.

Ɗan Maraɗi:
Sallama gare ku 'yan'uwa na Najeriya. Ina biye da ku tun daga farko. Mu nan ruwanmu bai kai naku ba, don haka dabarar tsimi ta zama mana dole.

Akwai abin da mahaifiyata take yi wanda ban ji an ambata ba. Tana samun ƙaramin tulu na ƙasa, wanda ba a shafe shi da komai ba, ta binne shi har wuya, ta shuka kuɓewa da barkono kewaye da shi. Sai ta cika shi da ruwa ta rufe bakin da murfi. Ruwan yana tsattsafowa ta jikin tulun kaɗan-kaɗan, saiwa tana zuwa ta manne da shi. Rana ba ta shan ruwan tunda a ƙarƙashi yake, sauro kuma ba shi da ƙofa. Bayan kwana uku ko huɗu take sake cikawa. A lungun nan naki na bayan kicin, Maman Ilham, idan ƙasa ce ba siminti ba, tulu biyu sun ishe ki.

Irin wannan tunani ne na tassa da manoman yankin Tawa suke haƙawa a fako: rami ƙarami, a zuba taki hannu ɗaya ko biyu, ruwan sama ya taru a ciki maimakon ya gudu. A Burkina zai suke ce masa, kuma da shi ne marigayi Yakuba Sawadogo ya mayar da fako daji, har aka ba shi lambar yabo ta duniya a 2018. Ruwa da taki a kai su inda saiwa take, kada a barbaza su ko'ina. A gona haka ne, a buhu ma haka ne.

Zogale kuma, ku ji daga gare mu, don a Jiratawa kusa da mu gonaki guda ake yi nasa. Kada ki bar shi ya miƙe sama. Da ya kai ƙugunki ki datse kan, zai yi rassa ya cika da ganye inda hannu zai kai. Wanda aka bari sai ya zama sanda doguwa da ɗan ganye a can ƙoli.

Hajiyar Tudun Wada:
Ɗan Maraɗi ya faɗi gaskiya a kan datsa. In ƙara da rufe ƙasa. Duk buhun da na shuka sai na lulluɓe samansa da busasshen ganye ko ɓawon gyaɗa ko buntun shinkafa, kaurin yatsa uku. Sa hannu a ƙarƙashi da azahar ka ji danshi. Wanda ba a rufe ba kafin hantsi ya bushe ƙayau.

Abu Sadik:
To na sallama a kan ruwa, lissafin Baba ya fita. Saura ƙasa da taki da iri da magani. Su ma kyauta ne?

Auwal Ɗalibi:
Ƙasa ai kyauta ce, Yaya. Akwai tsohon juji a bayan layinmu, ƙasarsa baƙa wuluk, duk wanda ya ɗiba ya shuka sai ka ga abu ya yi kyau.

Baba Malamin Gona:
Auwalu, tsaya. A nan zan daɗe, don abin yana damuna.

Jujin da kakanninmu suka sani daban ne da na yau. A da, jakuna ne suke shigowa birnin Kano da itace, su koma ƙauye da mangala cike da takin birni: toka, kashin awaki da tumaki, sharar tsakar gida, ƙaiƙayi. Da wannan aka riƙa noma gonakin kewayen Kano shekara da shekaru ba tare da an bar su sun huta ba, har masana daga waje suka zo suna nazarin yadda aka yi ƙasar ba ta mutu ba. Duk abin da ke cikin jujin nan daga ƙasa ya fito, ƙasa kuma ya koma.

Jujin yau fa? Mataccen batir, leda, ragowar fenti, baƙin mai, allurar asibiti, fasasshen ƙwan lantarki, kuma an cinna masa wuta sau ba adadi. Batirin mota dalma ce a cikinsa. Dalma ba ta ruɓewa, ba ta da wari, shuka za ta yi kyau a kanta, amma ƙurar ƙasar tana manne wa ganye, wani kuma saiwa ta ja. Yara ƙanana take fi yi wa illa, a ƙwaƙwalwa. Mun ga abin da gubar dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a ƙauyukan Zamfara a 2010, ko da yake can daga dutsen zinariya ta fito. Haka nan nake jin tsoron ganyen da ake shayarwa da ruwan Jakara ko ruwan da ya biyo ta masana'antun jima na Sharaɗa da Challawa. Ni a ganina babbar ribar lambun gida ita ce ka san abin da ganyenka ya sha. Idan ka ɗebo ƙasar juji ka zubar da wannan ribar.

Ga abin da za ka yi. Ƙasar gona ko ta fili mai tsabta kashi biyu, ruɓaɓɓen kashin awaki ko na shanu kashi ɗaya, yashi ko buntun shinkafa kashi ɗaya. Ka huda gindin buhun ruwa ya samu mafita. Kashin kaji ɗanye yana da zafi, yana ƙone saiwa, sai ya yi wata biyu a tare ana yayyafa masa ruwa kafin a taɓa shi.

Takin gida kuma kowa zai iya. Tsohon bokiti ko rabin duro, a huda gefe da ƙasa. Ɓawon albasa, ɓawon doya da dankali, ganyen shayi, ɓawon ƙwai a murmushe, ragowar ganyen da aka gyara. Duk lokacin da aka zuba ɗanye a rufe shi da busasshe, ganye ko ƙaiƙayi ko yagaggen kwali. Ban da nama, ban da mai, ban da ragowar miya, su ne suke kiran ɓera. A juya shi duk mako biyu. Wata biyu zuwa uku ya zama baƙi yana ƙanshin ƙasar farkon damina. Idan ya yi wari, ruwa ne ya yi masa yawa, a ƙara busasshe. Toka kaɗan ake sawa, kamar barbaɗen gishiri a miya, idan ta yi yawa ita ma tana ɓata ƙasa.

Maman Ilham:
Innalillahi. Baba, rabin ƙasar buhunana daga juji yara suka ɗebo mini. Gobe zan zubar in sake.

Ummu Hani:
Allah Ya saka wa Baba da alheri. In ƙara a kan magani tunda Abu Sadik ya tambaya. Don girman Allah kada wanda ya fesa fiya-fiya ko maganin sauro a kan abin da za a ci. Na ga masu yi, wai don ƙwari su mutu da wuri. Irin sinadarin nan ne aka samu ya yi yawa a waken Najeriya har Tarayyar Turai ta hana shigar da shi a 2015. Alayyafon da za ki yanka jibi ba shi da lokacin da gubar za ta fita.

Hajiyar Tudun Wada:
Ni maganina yana ƙofar gida. 'Ya'yan darbejiya busassu, wajen rabin kilo, a daka, a jiƙa a ruwa lita goma ya kwana, a tace da tsumma, a narka ɗan sabulun wanka kaɗan a ciki don ya kama ganye. Da yamma ake fesawa, sama da ƙarƙashin ganye, duk mako. Ba ya kashe ƙwaro nan take, hana shi ci yake yi har ya ƙare. Masu gaggawa sai su ce ba ya aiki. Yana maganin darɓa da ƙananan tsutsotsi, amma ba zan yi miki ƙarya ba, idan sharon ta riga ta shige cikin ganye sai dai ki tsinke ganyen ki binne. Buhu goma ai ba gona ba ce, ido da hannu sun fi kowane magani. Kullum da safe ki ɗaga ganye ki duba.

Babban abokin gabana ma ba ƙwaro ba ne, ƙadangare ne da kaji. Tsiro yana fitowa su sheƙe shi. Tsohon gidan sauro nake yankawa in kifa a kai har ya yi ƙwari.

Auwal Ɗalibi:
To iri fa? Na ji ana cewa duk irin da ake sayarwa a gwangwani da ƙaramar leda GMO ne, wato irin da aka sauya wa ƙwayar halitta, in ka shuka sau ɗaya ba ya sake fitowa.

Ɗalibar Samaru:
Auwal, abu biyu aka haɗa maka. Wanda ka ga an rubuta F1 a jikinsa aure ne aka yi tsakanin iri biyu, kamar yadda ake barbarar dabbobi, ba a taɓa ƙwayar halittarsa a ɗakin bincike ba. Idan ka ajiye 'ya'yansa za su fito, sai dai ba za su yi kama da uwar ba, wani ya yi kyau wani ya lalace. GMO na abinci da cibiyarmu ta binciken aikin gona da ke Samaru, wato IAR, ta fitar su ne waken SAMPEA 20-T a 2019 da masarar TELA a 2024, ba alayyafo ko kuɓewa ba. Mai lambun gida ya nemi irin da ake iya ajiyewa. Rama, yakuwa, lalo, kuɓewa, alayyafo, irin gida duk suna maimaita kansu. A tumatir ma akwai Roma da wanda manoma ke kira UTC. Sau ɗaya za ka saya, ko ka roƙa a wajen wata tsohuwa a unguwarku.

Abu Sadik:
Saura abu ɗaya, kuma shi ne ya taɓa faruwa da ni. Gidan haya take. Na taɓa jera buhuna a jikin katanga, danshi ya kama bangon, fenti ya ɓanɓare, mai gidan ya cire kuɗin gyara, muka rabu ba daɗi. Kuma yana da gaskiya, dukiyarsa ce.

Baba Malamin Gona:
Yana da gaskiya ƙwarai. A ɗora buhu a kan bulo ko katako, a bar tazarar kamu biyu tsakaninsa da bango, a sa tsohon faranti a ƙarƙashi ya tare abin da ya ɗiga. Kada ɗan haya ya dasa mangwaro ko darbejiya kusa da gini ko masai, saiwarsu tana fasa tushe. Zogale a rabin duro ya wadatar, ranar tashi a ɗora shi a kura a tafi da shi. Kuma a nemi izinin mai gida tun farko, 'yata, hakkinsa ne.

Tunda mun zo kan gini, ku shirya wa damina mai zuwa tun yanzu. Ruwan sama milimita ɗaya a kan mita ɗaya na rufi lita ɗaya ne. Rufin kwano mai mita 50, ruwa ɗaya mai kyau na milimita 20 zai ba ka lita 1,000, duro biyar ke nan. A bar ruwan farko ya wanke ƙura da kashin tsuntsu, sannan a tara, a rufe duron ruf saboda maganar Ummu Hani. Lokacin muna makaranta, zamanin shirin ciyar da ƙasa na Obasanjo a 1976, kowane aji yana da kunyarsa a lambun makaranta, kuma da ruwan indararo muke fara reno.

Maman Ilham:
Na gode, na gode, Allah Ya biya ku. Na karanta wa Abban Ilham duka. Ya ce ya yarda da sharaɗi ɗaya: ba za a ƙara ko jarka ɗaya a kan wadda muka saba saye ba. Na amince. Zan dawo in faɗa muku yadda ta kaya.

Maman Ilham:
Salamu alaikum. Yau mako shida ke nan, na zo cika alkawari. Mai gidan ya ba da izini, ya zo da kansa ya ga yadda na ɗora su a kan bulo. Buhu goma na yi: alayyafo huɗu, rama biyu, yakuwa biyu, ɗoɗɗoya ɗaya, lansir ɗaya. Zogale biyu a lungun bayan kicin da tulu a tsakaninsu kamar yadda Ɗan Maraɗi ya ce, sun kusa gwiwata.

Alayyafo na yanka sau biyu, mun yi miya sau uku, na aika wa maƙwabciyata. Lansir ƙadangaru sun cinye shi tas a kwana ɗaya, ranar da iska ta yaye gidan sauron. Rama da yakuwa sun fito amma sun tsaya gajeru, har sun fara fure, ban san dalili ba. Ban sayi jarka ko ɗaya ba. Abin da ya fi wuya shi ne saba wa yara yin alwala a kan baho, sai da aka yi mako biyu ana tuni. Yanzu Ilham ce take kwashewa da la'asar, ba ta yarda kowa ya taɓa. Bokitin takin bai nuna ba tukuna, amma sharar da muke fitarwa ta ragu sosai, yaron da ke kwashe mana sau biyu yake zuwa a mako maimakon kullum.

Baba Malamin Gona:
Madalla, 'yata. Rama da yakuwa ba laifinki ba ne, laifina ne da ban faɗa miki ba. Idan yini ya gajarta suna saurin yin fure, sanyi kuma yana tsayar da su, shukar damina ce. Ki bar su su yi 'ya'ya ki ajiye iri zuwa Yuni. A gurbinsu yanzu ki sa latas da albasa mai lawashi da karas, lokacinsu ne.

Abu Sadik:
Barka, Maman Ilham, na yi murna har zuciya. Amma hunturu ne yanzu, shuka ba ta shan ruwa sosai. Ni jarrabawar da nake jira ita ce Afrilu, lokacin da rijiyoyi suke ja baya, 'yan garuwa su ƙara kuɗi, a fara tsimin ruwan alwalar ma. Idan kin fita Afrilu ba ki sayi jarka ba, ni ma zan sake jera nawa buhunan.

Maman Ilham:
Na yi wannan tunanin, Malam Abu. Idan zafi ya shigo zan rage su zuwa biyar, in mayar da su gefen gabas na katanga inda rana ba ta dukansu da yamma, in bar wa zogale tulunsa. Hajiya, alayyafo biyu sun fitar da kai, in yanke ko in bari?

Hajiyar Tudun Wada:
Ki bar wanda ya fi ƙiba da faɗin ganye, ki yanke ɗayan. Idan kan ya fara bushewa ki ɗaura masa tsohon ɗankwali don kada iska ta zubar da irin, bayan mako ɗaya ki yanko ki murje a tire, ki sheƙe. Ki zuba a kwalba da ɗan toka, ki rufe, ki ajiye inda ba zafi. Ki ware mini cokali ɗaya, jikata tana zuwa Kano hutun makaranta, zan aiko miki da irin lalo da reshen na'a-na'a ta hannunta.